Zauren Lauya: Murfin da ya zo a kife

Wasiƙu biyar na zaɓa wannan watan, kuma ta farko ce ta haifi uku daga cikin sauran. Mai ita ya ba da labarinsa a majalisa, labari ya yi ƙafa, duk wanda ya ji sai ya tuna da tasa damuwar. Na bar ta da harshen mai ita, ban taɓa masa Kabancinsa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni mai walda ne a Jega, shekara goma sha tara ina wanga aiki. Bara wani Alhaji mai kamfanin ruwan gora ya sawo injin yin marfi daga waje, ta hannun wani dillali a Legas. Injin na da wani kwano mai kaɗawa, shi ke jera marfi yana tura su cikin indararo zuwa inda ake tsaga masu zobe. In anka ɗauke wuta munka tada janareta sai kwanon ya rikice, marfi ya riƙa tsalle yana zubewa ƙasa. Na gyara sau uku, na huɗu na ce ma Alhaji a cire shi. Na yi mashi faifai mai juyawa a karkace, da ƙaramin moto da sarƙar mashin. Marfin da ya kwanta daidai ya wuce, wanda ya kife ya faɗo ya sake zagayowa. Indararon kuwa na auna na asali na yi irinsa, don shi ba ya da laifi. Abu ya yi kyau har wasu masu ruwa biyu, ɗaya a Birnin Kebbi ɗaya a Yawuri, sunka ce in yi masu don injinsu na rufe gora. Na yi na sayar. Yarona ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook. To sati biyu da sunka wuce sai ga takarda daga wani lauya a Legas, wai na saci fasahar kamfanin da ya ƙera injin, suna da fatent, in daina cikin kwana 14 in kuma miƙa duk abin da na ƙera, in ba haka ba sai kotu. Barista ban yi boko mai nisa ba. Ɗaure ni za a yi? In tarwatsa wanda ke shagona?

Daga mai walda, Jega

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye gudumar tukuna. Kada ka tarwatsa komai, kada ka ɓoye komai, yau kuma ka yi barcinka har da minshari, domin ba a ɗaure mutum a kan wannan. Dokar da ta shafe ka ita ce dokar haƙƙin ƙirƙira (wato fatent ɗin da suka ambata) da zane ta 1970, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004 da lamba P2. Abin da ta tanadar wa mai ƙorafi shi ne ya kai ƙara ya nemi diyya, ko a hana ka ci gaba, ko a lissafa ribar da ka ci a ba shi. Gidan yari ba ya ciki. Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke jin irin wannan ƙara, muna kuma da reshenta nan Birnin Kebbi. Kotun majistare ba ta da hurumi, caji ofis kuwa balle. Na ambaci caji ofis da gangan, don na san halin ƙasarmu: mai kuɗi kan so ya mai da rigimar ciniki ta koma ta 'yan sanda. In aka ɓullo maka ta nan, ka kira lauya kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Wasiƙarka ta mai da ni baya. Kafin in shiga karatun lauya difloma na yi kan injuna, na kuma yi shekara uku a wani kamfanin lemo a Kano, yawanci aikin dare. Wurin tsayuwata gindin indararon murfi ne, da 'yar waya lanƙwasasshiya a hannu. Murfin ƙarfe na gangarowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jan carbi, kwalabe na wucewa ta ƙasa, kowace na karɓar nata. Murfi ɗaya tak ya zo a kife, ko biyu su sarƙe haƙori cikin haƙori, shi ke nan layi ya tsaya, lemo na kumfa yana malala, foman na ƙwala mini kira daga can ƙarshen ɗaki. Har yau akwai tabo a ɗan yatsana na dama. A wurin nan na gane cewa buga murfi abu ne mai sauƙi. Aikin yana wajen kwaso shi daga tsibi, inda yake a hargitse kamar gyaɗa a buhu, a jera shi fuska ɗaya, a miƙa wa inji daidai lokacin da ya buɗe baki. Wanda ya iya wannan ya riƙe maƙogwaron masana'anta. Don haka kada ka raina faifanka, kada kuma ka yi mamakin an rubuto maka takarda a kansa.

Rigimar ta girme mu duka. Murfin lemon nan mai haƙora da muka riƙa buga ƙwallo da shi a turɓaya muna yara, wani mutum ne William Painter ya ƙirƙiro shi a birnin Baltimo na Amurka. Ya sami takardar fatent ɗinsa a 1892, a shekarar kuma aka kafa kamfanin Crown Cork and Seal. Nasa haƙora 24 gare shi, na yau in ka ƙirga 21 za ka samu. A zamanin takardar Amurka shekara 17 take yi, don haka zuwa 1909 murfin kansa ya zama na kowa. Da kowa ya sami damar bugawa sai gasa ta koma kan wa zai buga da sauri da arha, wato kan injuna: mai jera ƙoƙon ƙarfen, mai jefa masa ɗan faifan ɓawon itacen nan mai laushi da tsofaffinmu za su tuna kafin zuwan roba, da mai liƙa wani ɗan faifan takarda ko na alminiyam a tsakiya don kada lemo ya taɓa ɓawon. Shari'ar kamfanin Crown da na Ferdinand Gutmann kan hanyar liƙa ɗan faifan tsakiyar nan sai da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1938. Da aka je can, maganar da alƙalai suka yanke ta lokacin shigar da takarda ce, ko an makara ko ba a makara ba. Wa ya fi wani iya ƙira bai ma taso ba. Ka riƙe wannan, domin taka ma a takarda za ta ƙare.

Mutanenmu kan ɗauka fatent kamar hatimin sarki ne da aka buga wa inji gaba ɗayansa, duk wanda ya ƙera mai kama da shi ya yi laifi. Ya fi kama da takardar gona. Akwai dogon bayani a ciki, akwai zane-zane, amma can ƙarshe za ka ga wasu jimloli masu lamba, 1, 2, 3, waɗanda muke kira da'awa. Su ne iyakar gonar, daga tsamiyar can zuwa gindin kukar nan. Sashe na 6 na dokarmu ya faɗa ƙarara cewa da'awa ce ke nuna faɗin haƙƙi, bayani da zane kuwa don a fahimce ta aka sa su. Babu mai haƙƙin "a jera murfi fuska ɗaya". Wannan buƙata ce ta kowa, kamar buƙatar fid da tsakuwa daga shinkafa. Abin da mutum ke iya killacewa shi ne tasa hanyar. A ce da'awarsu ta ce: kwano mai hanya da ke nannaɗewa zuwa sama, da mayen ƙarfe na lantarki da ke kaɗa shi, da bututun iska da ke hure murfin da ya kife. Abu uku ke nan, sai kuma ukun sun taru a injinka za a ce ka shiga gonarsu. Faifanka ba ya kaɗawa, juyawa yake yi. Ba shi da mayen ƙarfe, sarƙar mashin ke jan sa. Ba iska ke fid da kifaffen murfi ba, nauyinsa ne: murfin roba ya fi nauyi ta gefen rufaffen kansa, in ya kwanta da bayansa a karkataccen faifai sai ya zauna, in ya kifa bakinsa sai nauyin ya rinjaye shi ya faɗo. Kai da ba ka yi boko mai nisa ba ka gano wannan da idonka, injiniyoyi kuwa a aji ake koya musu shi.

Tun da na taɓo kwanon, bari in wanke shi daga zargi. Wutar ƙasar nan sau 50 take bugawa a daƙiƙa, sifirin ɗin da ke ɗauke da kwanon kuma kusa da wannan bugun aka daidaita su. Janareta in kaya ya yi masa nauyi bugunsa sauka yake yi, in an rage masa ya hau. Kwano ya rasa kiɗan da ya saba taka wa rawa, sai ya riƙa watsi da murfi. Ko sau goma ka gyara haka zai yi.

Kafin ma a kai ga gwada inji da da'awa, akwai abin da lauyan Legas bai gaya maka ba, ni kuma shi na fara nema a wasiƙar da ka haɗo mini kwafinta ban gani ba: lambar takardar a Najeriya. Ya ce "muna da fatent", bai ce na ina ba. Takardar Italiya a Italiya take aiki, ta Sin a Sin, ta Jamus a Jamus. Babu fatent na duniya baki ɗaya, ko da an manna tambari mai ruwan zinariya a jikin inji. Wanda ya shigar a ƙasarsa yana da wata 12 ya zo ya shigar a nan bisa yarjejeniyar Faris, ko wata 30 in ya biyo ta yarjejeniyar PCT, ta haɗin kan ƙasashe wajen neman fatent, wadda Najeriya ta shiga a 2005. In ya bari lokacin ya wuce har aka buga bayanin injin duniya ta gani, a ƙasar nan ya zama na kowa. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, kowa na iya biyan kuɗi a bincika masa a ba shi kwafi. A abin da ya ratsa ta teburina, kamfanonin magunguna ne suka fi damuwa da shigarwa a Abuja. Masu ƙananan injuna sau da yawa ba sa wahalar da kansu.

A ce akwai ta. Tana da rai? Shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da nema, kowace shekara kuma sai an biya mata kuɗi. In ba a biya ba akwai rangwamen wata shida tare da tara, ya wuce nan ta mutu. Shi kansa kwano mai kaɗawa tun farkon shekarun 1950 aka yi masa rajista a Amurka, ya girme ni, ya girme ka. Ba mai iya killace shi yau, sai dai wani ɗan ƙari da ya yi masa.

A ce kuma tana da rai. Nan ma da sauran magana, don ofishin rajistarmu ba ya bincika ko abu sabo ne. Sashe na 4 ya ce magatakarda ya duba ko takardu sun cika, an biya kuɗi, shi ke nan, ana kuma ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, gwamnati ba ta lamunce ingancinta ba. Mutum na iya kwafo tsohon inji daga littafi ya kai Abuja ya dawo da takarda mai hatimi. Maganin wannan yana sashe na 9: kowa na iya roƙon kotu ta soke ta, in ya nuna abin ya riga ya bayyana a ko'ina a duniya kafin ranar shigarwa. Alƙali ma na da damar zama da masana biyu su haska masa abin da ya shafi ƙarfe da waya. Sai dai kada ka ji haka ka ɗauka dokar ba ta da haƙori. Kamfanin Bedding Holdings ya kai hukumar zaɓe ta INEC ƙara a Abuja kan akwatin zaɓen nan da ake ganin cikinsa, kotu kuma ta ba shi gaskiya a 2012. In hukumar zaɓe ba ta fi ƙarfinta ba, shagon walda a Jega bai fi ba.

Wa ma ya sa aka rubuto wasiƙar? Hancina na jiyo mini dillali ne, wanda ka hana wa cinikin kayan gyara. Sayar da injin wani ba ya mai da kai mai haƙƙinsa. Ko wanda aka ba lasisi, sai an yi wa lasisin rajista kafin ya yi aiki a kan wani, sannan sai ya fara rubuta wa mai haƙƙin ya nemi ya kai ƙara, in ya ƙi ba dalili ko ya yi sakaci, sannan shi ya shigar da sunansa.

Yanzu ga inda ba zan yi maka daɗin baki ba: indararon. Da bakinka ka ce ka auna na asali ka yi irinsa. In indararo ne miƙaƙƙe, ƙarfe biyu da rufi, ba komai, irinsa na tsaya a gindinsa shekaru da yawa da suka wuce. Amma wasu na da murɗa a tsakiya mai juya murfi, wasu na da 'yar ƙofa a ƙarshe mai sakin murfi ɗai-ɗai, irin waɗannan ƙananan dabaru kuwa su aka fi yi wa rajista. In nasu na da rajista a nan kuma ka kwafe shi, sauya kauri ko tsawo ba zai fid da kai ba. Akwai wata shari'a a Ingila a farkon shekarun 1980, ta kamfanin Catnic, kan lintar ƙarfe da ake azawa saman ƙofa da taga. Da'awar ta ce ƙarfen baya "a tsaye" yake. Abokan gasa suka karkata nasu da digiri 6 zuwa 8, suka ce ai namu ba a tsaye yake ba. Kotun ƙoli ta ƙasar ta ce duk maginin da ya karanta takardar ya san abin da ake nufi, karkatar da ba ta sauya aikin ƙarfen ba wayo ne kawai. Alƙalanmu ba dole ne su bi hukuncin Ingila ba, amma suna saurarensa, musamman a fannin da namu hukunce-hukuncen ba su da yawa.

Ka kuma raba aikinka gida biyu. Abin da ka yi wa injin Alhaji gyara ne. Ya saye shi da kuɗinsa a cikin Najeriya, doka kuma ta ce kayan da aka riga aka sayar ta halal a ƙasar nan haƙƙin mai ƙirƙira ba ya bin su gida. Alhaji na iya gyara abinsa, ya cire wani sashe, ya sa wani. Biyun da ka ƙera daga farko ka sayar, da na ukun da ke shagonka, su ne ƙira, a kansu za a yi magana in za a yi.

Kwana 14 ɗin nan wa'adin lauya ne, kotu ba ta san da shi ba, amma shiru ba zai amfane ka ba. Ka sami lauya ya mayar da amsa gajera, ba zagi, ba ban haƙuri, ba "ban sani ba ne". Ya ce a turo lambar rajistar Najeriya, da kwafin takardar da da'awarta, da shaidar biyan kuɗin shekara, da sunan mai haƙƙin, a kuma faɗi wace da'awa ce aka taɓa, da wane sashe na injinka. Kada ka kira su a waya, baki kan yanka wuya. Kafin amsa ta zo ka dakata da sayar da indararon, ka zauna ka zana naka, na san ba zai gagare ka ba. Ka tattara rasit ɗin ƙarfe da moto, da hotuna masu kwanan wata. Yaron da ya iya sa bidiyo a Facebook ya iya shiga shafukan binciken fatent na Google Patents ko Espacenet, kyauta ne, ya rubuta sunan kamfanin ya ga abin da suka shigar da ƙasashen da suka shigar. Wasiƙu irin wannan da na mayar wa amsa da waɗannan tambayoyin, yawancinsu ban sake jin ɗuriyarsu ba. Ban ce taka ma haka za ta yi ba, sai mun ga takarda.

TAMBAYA: Barista, ni ne na Birnin Kebbi da ya sayi faifan. Da kuɗina na saya, ban san da wata rigima ba. Ina ruwana?

Daga mai kamfanin ruwa, Birnin Kebbi

AMSA: Alhaji, da ruwanka, har da gorarka. Doka ta hana abu biyar in babu izinin mai haƙƙi: ƙerawa, shigowa da shi daga waje, sayarwa, amfani da shi, da ajiye shi don sayarwa ko amfani. Ta ware wanda ba don kasuwanci yake yi ba, kai kuwa kasuwanci kake yi. Masu ƙara ma sun fi son mai kamfani a kan mai walda, don sun san inda kuɗi yake. Wannan duk in akwai takarda mai rai ne a Abuja, abin da har yanzu ba wanda ya nuna. Kada ka kashe injinka. Ku haɗa kai da mai waldan da na Yawuri ku ɗauki lauya ɗaya, ya fi muku arha, bakinku kuma ya zama ɗaya. Ranar da za ka sake sayen inji, na gida ko na waje, a rubuta a takardar ciniki cewa in rigimar haƙƙi ta taso mai sayarwa ne zai ɗauki nauyinta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, mai waldan Jega kawuna ne. Tun da faifan nasa ne, me zai hana mu yi masa rajista mu ma mu riƙa rubuta wa mutane takarda?

Daga ɗalibi, Birnin Kebbi

AMSA: Ɗana, tunaninka ya yi kyau, sai dai ya zo bayan an sha ruwa. Sharaɗi uku doka ta gindaya: abu ya zama sabo, ya zama akwai dabara a ciki da ba kowane ma'abocin sana'ar zai hango ba, ya kuma zama mai amfani a masana'anta. Na farkon shi ke karya mutanenmu. Sabo na nufin bai taɓa bayyana ga jama'a ba kafin ranar shigar da takarda, ko a rubuce, ko da baki, ko ta amfani da shi, ko da kuwa mai shi ne ya bayyana. Kawunka ya sayar da biyu, ɗan'uwanka ya nuna wa duniya cikin faifan a bidiyo. Rangwame ɗaya dokar ta yi, ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, shi ma cikin wata shida kafin shigarwa. Facebook ba ya ciki. Abuja za ta iya ba ku takarda tun da ba ta bincike, amma ranar da kuka kai wani kotu da ita bidiyon nan zai fara fitowa da shi. Faifai mai juyawa don jera kaya ma tsohon abu ne a masana'antu, abin da zai iya zama sabo shi ne yadda kawunka ya tsara nasa.

Akwai kuma abin da ba za ku so ji ba. Sashe na 2 ya ce ƙirƙirar da aka yi cikin aikin da wani ya ba da kwangilarsa, haƙƙin neman takardarta na wanda ya ba da aikin ne. Alhajin da ya sawo injin ne ya kira kawunka ya biya shi. Da faifan zai yi rajista, da Alhaji na da bakin magana. Don haka na gaba, wanda na tabbata yana nan tafe tun da hannun kawunka ba ya zama, ku yi shi a shagonku da kuɗinku, ko ku rubuta da mai ba da aiki tun farko cewa dabarar taku ce. Ku kulle waya a aljihu. Ku shigar da takarda kafin kowa ya gani, domin a dokarmu wanda ya riga shigarwa shi ake ba. Hukumar NOTAP a Abuja, mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, na taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen shigarwa, ka tambayi malamanku hanyar da ake bi a kai gare ta. Kai da ke karatu, rubuta da'awar shi ne aikinka, ka fara koyo ta karanta na wasu.

TAMBAYA: Barista, ina kai kaya Gaya da Dosso ta Kamba. Wani a can ya ga bidiyon yana son faifan. In babu rajista a Najeriya, in ɗauka in kai?

Daga ɗan kasuwa, Kamba

AMSA: Alhaji, da ka tsallake iyaka lissafi ya sake. Nijar da Benin, har Chadi da Kamaru, suna cikin ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, ƙasashe 17, takarda ɗaya ke aiki a dukansu. Najeriya ba ta ciki. Kamfani na iya mantawa da Abuja amma ya shigar a Yawunde, shigar da kaya ƙasar da suke da rajista kuwa laifi ɗaya ne da ƙera su a can. A sa a bincika rajistar can ɗin ma. Faifan ban ji tsoronsa ba, indararon dai a jira sabon zane.

TAMBAYA: Barista, ni zoɓo da kunun aya nake yi, a gorunan ruwa da yara ke tsinto mini nake zubawa. Na ji ana kai mutane kotu kan murfi. Ni ma abin zai shafe ni?

Daga wata uwa, Argungu

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki, rigimar masu injuna ce, ba mai bin ki kan murfin da aka riga aka sayar aka sha ruwan aka yar. Abin da zan ja miki kunne a kai biyu ne. Takardar da ke jikin gorar sunan kamfanin wani ce, ki ɓare ta kafin ki zuba, kada a ce kina ciniki da sunansu. Sannan gorar tsintuwa ba ki san hannun da ta ratsa ba, jami'an lafiya da NAFDAC kuma a nan za su kama ki, ba a murfi ba. In ciniki ya fara kauri ki koma sabuwar gora da sabon murfi mai zobe, a buhu ake sayar da su, mai saye in ya ji zoben ya ƙaras a hannunsa ya san ba a buɗe ba. Sai dai wuyan gora iri-iri ne. Na lemo milimita 28 ne, shi ma akwai dogo akwai gajere, na ruwa kuma yawanci daban yake, murfin wannan ba ya kama wancan ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Ranar da za ki saya ki tafi da gora ɗaya cike da ruwa a jaka, ki ɗaura murfin a gaban mai shago, ki kifa ta ki matsa, in ba ta ɗiga ba sannan ki biya kuɗin buhu.